Safiyyuddini Al-Urmawi, Malamin Bagadaza Da Ya Auna Sautin Tsirkiya

A cikin mutanen da suka ga faɗuwar Bagadaza da idonsu a shekara ta 656 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1258, suka kuma rayu har suka ba da labari, akwai wani malami mai suna Abdulmumini ɗan Yusufu ɗan Fahiru, wanda aka fi sani da laƙabin Safiyyuddini Al-Urmawi. Masanin fikihu ne a mazhabar Imamu Shafi'i, kuma marubuci ne mai kyawun hannu wanda Halifa ya damƙa wa mabuɗan ɗakin littattafansa. Amma abin da ya riƙe sunansa har yau, bayan shekaru fiye da 700, shi ne wani lissafi da ya yi a kan sautin tsirkiya, inda ya bi diddigin wata 'yar tazara da ke tsakanin sauti da sauti, wadda don ƙanƙantarta mutane da yawa sukan ji ta ba su san sun ji ba, ya ba ta wurin zama a cikin ma'auninsa.

An haife shi wajen shekara ta 613 (1216). Nasabarsa tana komawa ga garin Urmiya, wanda yake kusa da wani babban tafkin gishiri a arewa maso yammacin ƙasar Iran ta yanzu. Tun yana yaro aka kai shi Bagadaza, a can ya yi karatun lugga da adabi da tarihi, ya kuma koyi rubutun hannu har ya gwanance. Da aka buɗe makarantar Mustansiriyya a shekara ta 631 (1234) sai ya shiga cikin ɗalibanta. Wannan makaranta kuwa Halifa Mustansir ne ya gina ta a bakin kogin Dijla, ya ware wa kowace mazhaba daga cikin huɗun nan nata zaure, watau Hanafiyya da Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, duk a gida guda. Safiyyuddini ya zauna a zauren Shafi'iyya, ya karanta fikihu da fannin saɓanin malamai. Wannan karatu ne ya ba shi damar riƙe muƙamai na shari'a daga baya.

Da Musta'asim ya hau gadon halifanci a shekara ta 640 (1242), sai ya gina sabon ɗakin littattafai, ya tara masa littattafai masu daraja, aka nemi masu kyawun hannu da za su riƙa yi masa kwafi. Safiyyuddini na cikin waɗanda aka zaɓa. Ibnu Tikɗaƙa, mai littafin Al-Fahri, wanda ya ji labari daga bakin Safiyyuddini kansa, ya ambaci cewa malamin yakan zauna a ƙofar ɗakin yana rubutu, Halifa kuma in ya so hutawa sai ya zo ya zauna a wurin. Wata rana wani ƙaramin yaron fada ya ɓingire da barci kusa da shimfiɗar Halifa, ya yi ta mirginawa har ya hau kanta, ya lulluɓe da mayafin da aka tanadar wa mai gida. Halifa ya shigo ya gani, sai ya yafito Safiyyuddini a hankali, ya umarce shi da kada ya ta da yaron sai bayan shi ya fita, don kada yaron ya farka ya gan shi tsoro ya kashe shi. Irin halin Musta'asim ke nan: mutum mai taushin zuciya, mai sauƙin kai, wanda zamaninsa yake bukatar mai kaifin hankali da ƙarfin hali.

A duk wannan lokaci Halifa bai san cewa magatakardan nasa gwanin kaɗa udu ba ne. Udu shi ne molon Larabawa mai faɗin ciki da gajeren wuya, wanda a zamanin yake da tsirkiya 5. Abin da ya tona asirin shi ne wata zabiya mai suna Luhazu, wadda ta rera wata waƙa a gaban Halifa, karin ya burge shi, ya tambayi wanda ya tsara shi, ta ce malaminta ne Abdulmumini. Nan take aka kira shi, ya kaɗa, daga ranar ya shiga cikin abokan hirar Halifa, aka yanka masa dinari 5,000 a kowace shekara. Hukuncin kiɗa da waƙa a shari'a magana ce ta malaman fikihu, sun kuwa yi saɓani a kanta tun da daɗewa. Sai dai ya kamata mai karatu ya sani cewa masana falsafa na wancan zamani sun lissafa ilmin sauti a cikin fannonin lissafi guda huɗu, tare da hisabi da handasa da ilmin taurari. A wannan babi ne Al-Kindi da Al-Farabi, wanda ya rasu a 339 (950), da Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428 (1037), suka yi rubutu a kai, Safiyyuddini kuma ya gaje su.

To, ga yadda lissafin yake. A ɗauki tsirkiya guda a ɗaure ta tamau, a kaɗa ta a sake. Sa'an nan a danne ta a tsakiya daidai, a kaɗa rabinta. Sautin farko ne zai dawo, sai dai da siririyar murya, kamar yadda babba da yaro suke rera baiti ɗaya tare, ba wanda ya saɓa wa wani. Wannan shi ne ninki, nisbarsa 2 da 1, Larabawa suna ce masa allazi bil kulli. In aka danne a kan sulusi aka kaɗa sulusi biyun da suka rage, nisba ta zama 3 da 2, shi ne allazi bil hamsi. In aka danne a kan rubu'i, nisba ta zama 4 da 3, shi ne allazi bil arba'i. Tazarar da ke tsakanin wurin rubu'i da wurin sulusi ita ce ake kira ɗanini, watau cikakken taki guda, nisbarsa 9 da 8. Daidai yake da a raba tsirkiya gida 9 a danne a kan na farko.

Har nan babu wata wahala. Rigimar tana farawa ne in aka ɗebe ɗanini biyu daga cikin allazi bil arba'i, domin ba ya ƙarewa, sai wani guntu ya yi saura, mai nisbar 256 da 243. Sunansa baƙiyya, ma'anarsa abin da ya rage. Wanda bai auna ba zai ɗauka rabin ɗanini ne, alhali kuwa bai kai rabi ba. Sabo da haka in aka jera baƙiyya biyu ba sa cika ɗanini guda. Misalinsa kamar mai awo ne a kasuwar Karaye ko ta Rogo, ya juye ƙaramin kwano biyu a cikin babba yana tsammanin zai cika, sai ya tarar saura ɗan tafi guda kafin ya kai baki. Wannan ɗan tafin shi ne 'yar rarar da ake magana a kanta. Yunanawa sun kira ta koma, Turkawa daga baya suka ce mata fazla, nisbarta kuwa 531,441 da 524,288. A kan tsirkiya mai tsawon ƙafa 2, in aka auna daga bakinta, ba ta wuce sulusin inci ba, watau ko faɗin ɗan yatsa ba ta kai ba. Mai kukuma ko mai goge a Turawa, wanda ba shi da wata alama a kan tsirkiyarsa sai gefen yatsa da kunne, yakan ƙetare irin wannan tazara da ɗan karkata yatsa kawai, kuma masu sauraronsa sukan gane in ya kuskure ta, ko da ba su iya faɗin abin da ya ɓaci ba.

Wannan rara ba ta ɓacewa, ko ta wace hanya aka biyo. In aka hau da allazi bil hamsi sau 12 a jere, ana sa ran a sauka daidai inda ninki 7 ya tsaya, amma sai a zarce shi da ita ɗin dai, ba ƙari ba ragi. Dalili kuwa a fili yake ga mai hisabi: komai yawan ninka 3 da kanta ba za ta haifi lambar da ninka 2 ke haifarwa ba, don waccan mara ce kullum, wannan kuwa cika ce kullum. Turawan Yamma, bayan sun daɗe suna fama da ita, sai suka farfasa ta gida 12 suka rarraba wa sautukan fiyanonsu, kowanne ya ɗauki ɗan kuskuren da kunne zai jure. Safiyyuddini bai bi ta nan ba. Ya bar ta yadda take, ya mai da ita taki mai zaman kansa. Kowane ɗanini ya raba shi uku: baƙiyya, da baƙiyya, da 'yar rara. Tun da yake ninki guda yana ɗauke da ɗanini 5 da baƙiyya 2, sai takunsa suka zama 17, daga ciki 12 baƙiyya ne, 5 kuma 'yar rara. Da ma'aunin da wani Bature ɗan Ingila, Alizanda Elis, ya yaɗa a wajen 1885, wanda ya raba ninki gida 1,200, ɗanini yana da kashi 204, baƙiyya 90, 'yar rara kuwa ba ta cika 24 ba.

Ya zuba wannan tsari a cikin littafinsa Kitabul Adwar, mai fasali 15, wanda ya rubuta tun kafin faɗuwar Bagadaza. Ƙaramin littafi ne, ba ya da yawan surutu, kuma duk wanda ya taɓa karatu a zaure zai ji kamar a gida yake in ya buɗe shi. Sautukan nan ya sa musu suna da haruffan abajada bisa ƙimarsu ta hisabi: alif shi ne tsirkiya a sake, ba da jim su ne baƙiyya ta farko da ta biyu, dal shi ne cikar ɗanini, haka har zuwa ya da ha mai ƙimar 18, inda ninki ya cika, sa'an nan ya ci gaba har 35 don ya rufe ninki biyu. Malamin hisabi na ƙasar Hausa zai karanta su kai tsaye, domin saɓanin da ke tsakanin abajadar Magariba da ta Gabas bai taɓa waɗannan ƙananan lambobi ba. Daga nan ya haɗa jinsi 7 na ƙasa da jinsi 12 na sama, ya fitar da da'ira 84, ya ware 12 da makaɗa suka fi amfani da su, irin su Ushshaƙ da Rasti da Iraƙ da Isfahan da Husaini da Hijazi. Wajen auna kari kuma ya ari kayan aikin ilmin aruli, watau sababi da watadi da fasila, ya zana kowane kari a da'ira kamar yadda Halilu ɗan Ahmadu ya zana bahar-bahar na waƙa. A ƙarshen littafin ya rubuta waɗansu karin waƙoƙi, harafi yana nuna sauti, lamba a ƙarƙashinsa tana nuna tsawonsa. Suna cikin mafi daɗewar karin waƙar Larabci da suka iso wannan zamani a rubuce.

Sai dai akwai wurin da za a iya kama shi. Tun zamanin Haruna Rashidu wani makaɗin udu mai suna Mansur Zalzal ya shahara da wani wurin dannawa na yatsan tsakiya, wanda sautinsa yake faɗawa tsakanin sautuka biyu sanannu, shi ne kuma gishirin waƙar Larabawa har yau. Al-Farabi ya auna shi ya ba shi nisbar 27 da 22, watau kashi 355 a ma'aunin Elis. A tsarin Safiyyuddini babu gurbi a nan, sai ya ɗaga shi zuwa harafin wau, mai kashi 384. Bambancin ya ɗara 'yar rara guda. Masu binciken wannan zamani da dama suna ganin makaɗan Bagadaza ba su taɓa matsar da yatsunsu don su bi takardarsa ba, shi ne ya matsar da lamba don lissafinsa ya fita tsaf. Wannan zargi yana da ƙarfi, domin mutumin da ya ƙi yarda a yi watsi da kashi 24 bai kamata ya haɗiye kashi 29 shiru ba. Abin da za a ce a madadinsa shi ne makaɗi ne da kansa, ya san inda yatsa yake sauka, kuma harafin da ya rubuta ya ishi ɗalibin da ke zaune gaban malami alama.

Abin mamaki, wannan harafin wau ɗin ne ya jawo masa yabo a ƙasar Jamus bayan shekaru 600. Masanin sauti Helmolz, wanda littafinsa ya fito a 1863, ya lura cewa kashi 384 bai rasa komai ba ga nisbar 5 da 4, mai kashi 386, wadda kunne yake jin daɗinta ƙwarai, in ban da kashi 2. Wannan ita ce wata 'yar tazarar da ta fi ta farko ƙanƙanta har sau 12, nisbarta 32,805 da 32,768, kuma da ƙyar kunnen ɗan Adam yake rarrabe ta. Ta hanyar rubuce-rubucen magadan Safiyyuddini ne wannan tsari ya kai gare shi, musamman Abdulƙadir Al-Maragi, wanda ya rasu a 838 (1435), ya kuwa yi sharhin Kitabul Adwar. Kafin shi Ƙuɗubuddini Shirazi ya tattauna tsarin ya yi masa gyare-gyare. An fassara littafin da Farisanci da Turkanci, a 1938 kuma ya fito da Faransanci. Ko a taron kiɗan Larabawa da aka yi a Alƙahira a 1932, inda aka yi ta gardama a kan raba ninki gida 24 daidai wa daida, tsohuwar tambayar ce ta dawo: a bi lambar da ta fi sauƙi, ko a bi abin da kunne ya saba.

A koma ga rayuwarsa. Ibnu Tikɗaƙa ya kawo cewa Musta'asim ya aika wa Badaruddini Lu'ulu'u, sarkin Mausil, yana neman a turo masa makaɗa, a daidai lokacin da manzon Hulaku, jikan Jankiz Han, ya iso wa sarkin yana neman majaujawar rushe ganuwa. Sarkin ya dubi buƙatun biyu ya yi baƙin ciki. A watan Muharram na 656 rundunar Tatar, watau Mangol, ta kewaye Bagadaza. Ranar 4 ga Safar, daidai da 10 ga Fabrairu 1258, Halifa ya fita ya miƙa wuya. Aka kashe shi bayan 'yan kwanaki, aka yi ta kisa da wasoso a birni, halifancin Abbasiyawa na Bagadaza ya ƙare bayan shekaru fiye da 500.

Yadda Safiyyuddini ya kuɓuta yana cikin Masalikul Absar na Ibnu Fadlillahi Al-Umari, littafin nan da ya adana labarin daular Mali da hajjin Mansa Musa na 1324. An rarraba unguwannin birni ga sarakunan yaƙi, kowa da inda zai wasashe. Da wanda aka ba unguwar Safiyyuddini ya iso da mutanensa, sai malamin ya fita ya tarye shi a matsayin babban unguwa, ya shigar da shi gida, ya shimfiɗa masa, ya ciyar da shi, ya sa aka yi masa kiɗa, ya cika shi da kyautai na zinariya da tufafi, ya kuma tara wa dakarunsa nasu daga maƙwabta. Haka aka yi kwanaki ana yi, har sarkin yaƙin ya ba unguwar amana, ya kai shi gaban Hulaku. Ya kaɗa masa udu, abin ya yi wa Hulaku daɗi, ya ninka masa abin da yake samu a zamanin Halifa. Mai karatu yana iya ganin wannan a matsayin zubar da girma, mutum ya yi wa wanda ya kashe ubangidansa kiɗa jini bai bushe ba. Yana kuma iya ƙirga gidajen unguwar da ba a ƙone ba, da matan da ba a kama ba. Duka biyun sun faru, kuma a rana guda.

A ƙarƙashin sababbin masu mulki an ba shi kula da dukiyar wakafi ta ƙasar Iraƙi, ya riƙe har 665 (1267), lokacin da aikin ya koma hannun Nasiruddini Ɗusi, mai ɗakin duban taurari na Maraga. Gidan Juwaini ne suka zama inuwarsa: Shamsuddini, babban wazirin Mangol, da ɗan'uwansa Aɗa Malik, mai mulkin Bagadaza kuma marubucin tarihi. Shi ya koyar da 'ya'yan waziri, kuma don ɗayansu, Sharafuddini Haruna, ya rubuta littafinsa na biyu, Risalatus Sharafiyya, mai maƙala 5, wanda ya fi na farko zurfi a lissafin nisbobi. Ana danganta masa ƙirƙiro kayan kiɗa biyu, nuzha da mugni. A fannin rubutu kuma ana lissafa Yaƙutu Al-Musta'asimi cikin waɗanda suka ɗauka daga gare shi, shi ne wanda Alƙur'anan da ya rubuta da hannunsa suke ajiye a manyan ɗakunan littattafai na Istambul da Tehran.

Dukiya ta shigo masa da yawa, ta kuma fita kamar yadda ta shigo. Ibnu Shakir Al-Kutubi ya kawo a Fawatul Wafayat cewa mutum ne mai son jin daɗi, mai kashe kuɗi ba lissafi wajen walima da turare da 'ya'yan itatuwa. Wanda ya ƙi barin sulusin inci ya ɓace a kan tsirkiya bai taɓa auna abin da ke fita daga aljihunsa ba. Muddin Juwainawa suna kan mulki ba a ga illar haka ba. Sai Aɗa Malik ya rasu a 681 (1283), Sarki Argun ya sa aka kashe Shamsuddini a 683 (1284), aka bi da ɗalibinsa Haruna a 685 (1286). Cikin shekara huɗu inuwar ta gushe gaba ɗaya, ga tsufa ya zo, ga iyali, ga masu bin bashi a ƙofa.

Ɗaya daga cikinsu ya kai shi gaban alƙali a kan dinari 300, abin da bai kai albashinsa na wata guda ba a zamanin Musta'asim. Bai iya biya ba, ba a kuma sami wanda ya biya masa ba, sai aka tsare shi a wata makarantar Shafi'iyya a cikin Bagadaza. A tsare ɗin ya rasu, ranar 28 ga Safar 693, daidai da 28 ga Janairu 1294, yana da shekara kamar 80. Allah ya ji ƙansa.